Arba'in ɗin Anti Marisela

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
Ranar Lahadi

Zuwa ga yayana abin alfaharina, Yaya Misbahu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Ya aiki, ya teku, ya kewar gida? Allah Ya dafa maka, Ya dawo mana da kai lafiya.

Na san za ka yi dariya ka ce Safara'u ba ta canza ba, a wannan zamanin tana wasiƙa da biro. Ka yi haƙuri. Ka san bakina, in aka miƙo min waya daga "lafiya lau" sai "to". Hannuna ya fi bakina iya magana. Zan ɗauki hoton takardar in turo maka, duk ranar da jirginku ya matso gaɓa kuka samu sabis sai ka karanta.

An yi suna lafiya, yaro ya ci suna Mubarak kamar yadda ka bar wasiyya. Inna ta ce ta yi sabon miji, wai hancinsa naka ne, sumar kuwa ta uwarsa ce. Mata sun zo daga Daurawa da Hotoro, rabi don barka, rabi don su ga "Baturiyar Misbahu", alhali Anti Marisela ba ta fi Inna haske da wani abin kirki ba.

Tun ranar da aka sallamo su Inna ta rufe gidanku na Tarauni ta taho da Anti nan. Ta ce haihuwar fari a gaban uwa ake wanka, tunda kuwa uwar Anti tana can Venezuela, to ita ce uwa, ba za a ce 'yar mutane ta haihu a Kano an bar ta kamar marar gata ba. Ta ɗauko Iya Lami unguwarzoma daga Daurawa don wankan jego. Ni ce mai hura wuta safe da yamma. Ranar farko da Anti ta ga baho yana tururi, ga ƙullin ganyen darbejiya a hannun Iya Lami, sai da idanunta suka yi waje. Amma da aka fara watsa mata, leɓenta kawai ta cije. Iya Lami ta fito tana cewa, "Baturiyar nan akwai jarumta, 'yan Kano ma sai an danne su."

Abin da zai ba ka mamaki, Yaya, shi ne ranar da Anti ta kira mahaifiyarta ta bidiyo. Ashe su ma suna da arba'in! Kwarantena suke ce mata. Mai jego ba ta fita, ba ta shan ruwan sanyi, ba ta zama a fanka, kai a ɗaure, ƙafa da safa, sai miya mai zafi. Da na fassara wa Inna da manhajar fassara ta wayata sai ta tafa hannu ta ce, "Ashe su ma mutane ne masu hankali!" Ta ɗauko kwanon kunun kanwa ta nuna wa matar a waya, ita kuma ta dafa ƙirji tana ta godiya da yarensu. Tun daga ranar Inna ta ƙara son Anti, ba ta kiran ta sai da "'yata", ita kuma tana ce mata "Mama Inna".

Da yake 'yan barka ba sa yankewa, Turancin Anti kuma ka san gajere ne, Hausa babu, Inna ta sa ni in koya mata amsa gaisuwa. In an ce sannu, ta ce yawwa. In an ce ya jiki, ta ce da sauƙi, alhamdulillah. Ta tambaye ni ma'anarsa, na ce mata haka ake cewa duk lokacin da aka tambayi jiki. In ka ji yadda take faɗa da harshenta mai laushin nan! Mata har sake tambaya suke don su ƙara ji.

Ni dai kallon littafi nake muku. In na ga tana shafa hotonka a waya sai in tuna da waɗanda nake karantawa, sai dai naku ya fi, don ban taɓa cin karo da marubuciyar da ta ɗauko amarya daga bayan teku ta kawo ta layinmu ba. Kar ka gaya wa Inna har yanzu ina karatun, ta ɗauka na daina.

Zoben aurenku ya matse yatsanta, ƙafafunta ma sun ɗan tasa. Iya Lami ta ce jego ne ya karɓe ta.

Inna tana gaishe ka tana sa maka albarka. Ka huta lafiya.

Ƙanwarka mai kewarka,
Safara'u


Gyaɗi-Gyaɗi
Ranar Alhamis

Yaya Misbahu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Har yau takardata ta farko ba ta shiga wayarka ba, alama ɗaya nake gani. Ba komai, zan ci gaba da rubutawa, in sun shiga su shiga tare.

Ba na son ɗaga maka hankali, amma akwai abin da ke damuna, kuma ba ni da wanda zan gaya wa. Anti ta fara tari. Da ta kwanta sai ya taso mata, don haka yanzu a zaune take barci, ta jera filo a bayanta. Kumburin ya hau har ƙwauri. Na danna da yatsa ina mata wasa, sai wurin ya lotsa, ya daɗe bai ciko ba. Daga ɗaki zuwa banɗaki sai ta dafa bango ta huta, ita da ka san har rawa take da tsohon ciki tana wanke-wanke.

Inna ta ce sanyi ne ya shige ta ranar suna, da ta daɗe a tsakar gida. Mahaifiyarta ma da suka yi waya abin da ta ce ke nan, wai iska ce ta shiga jikinta, har faɗa ta yi mata don ta gan ta ba ɗankwali. Ka ga uwa biyu, ɗaya a nan ɗaya a ƙarshen duniya, ba mai jin yaren wata, amma bakinsu ya zo ɗaya: a ƙara zafi. Iya Lami ta ƙara itace, ta ƙara kanwa a kunu, an sa garwashi a kasko a ɗakin, an rufe tagogi. Ni da nake lafiya lau in na shiga sai in ji numfashina yana sama.

Jiya ne ranar komawarsu ƙaramin asibitin nan na Tarauni da ta haihu. Gwiwar Inna ta motsa, sai ta ce in raka su. Tun da muka hau adaidaita nake maimaita abin da zan faɗa a zuciyata: tari, kumburi, numfashi. Har muka sauka ina nanatawa kamar mai hadda.

Layi ya yi tsawo. Nas ta auna jininta ta ce ya ɗan hau, ta rage tunanin miji. Da muka shiga, likitan namiji ne, kansa a sunkuye yana rubutu. Ya ce, "Madam, ya jiki?" Yaya, sai Anti ta gyara zama, ta yi murmushi irin na ɗalibar da aka yi wa tambayar da ta sani, ta ce, "Da sauƙi, alhamdulillah." Ya yi dariya ya ce, ah, har ta iya Hausa, masha Allah. Daga nan ya zuba Turanci da sauri, ita kuma duk abin da ya faɗa sai ta gyaɗa kai. Na tabbata ko rabi ba ta gane ba. Ga dogon hijabi har ƙasa, ga safar da mahaifiyarta ta ce kar ta cire, ta ina zai ga ƙafar? Ta yi tari sau ɗaya, ya rubuta maganin tari.

Sai ya juyo gare ni ya ce, "Ƙanwar miji, akwai wata matsala?"

Wallahi maganar ta zo har maƙogwarona. Amma namiji ne, ga wani mutum ya leƙo ƙofa yana jiran mu fita, ni kuma in buɗe baki in yi zancen jego da jikin matar yayana? Kunya ta rufe ni. Na kalli yatsun ƙafata na ce, "Babu."

A littafi in yarinya ta yi shiru, akwai mai karanta idonta. A Tarauni ba wanda ke da lokacin kallon ido. Har muka dawo gida ban iya haɗa ido da Anti ba, ita kuwa murna take, tana nuna min da hannu wai ta burge likita.

Wataƙila ni ce mai tsoro, wataƙila sanyin ne da gaske. Ka yi mana addu'a. Inna tana gaishe ka, Mubarak yana ta girma.

Ƙanwarka,
Safara'u


Gyaɗi-Gyaɗi
Ranar Asabar

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Yau na ji muryarka, amma maimakon in ji sanyi, kuka na yi.

Da ka kira da wayar jirgi ɗazu da safe, ina tsaye ina kallon Anti. Tana jin muryarka ta miƙe zaune, ta shiga yi maka dariya da yarenku. Abin da ba ka gani ba shi ne, duk bayan 'yan kalmomi sai ta toshe wayar da tafin hannu ta ja numfashi kamar wadda aka tsamo daga rijiya, sannan ta dawo tana dariya. Da ka ce a ba ni, Inna tana gefena. Ka ce, "Auta, kowa lafiya?" Na ce lafiya lau. Layin ya yanke. Takarduna kuma suna nan ba su shiga wayarka ba.

Da Inna ta tafi kasuwar Tarauni sayo kanwa da kayan yaji, na shiga ɗakin na zauna a gefen katifa. Na rubuta a manhajar fassara: don Allah ki gaya min gaskiya. Ta karɓi wayar ta karanta. Sannan ta fara rubutu. Fassarar a karkace take fitowa, amma na gane.

Ta ce kamar wani ne ya zauna mata a ƙirji. Ta ce in ta kwanta ji take ruwa yana cinye ta. Ta ce in aka watsa mata ruwan wankan, zuciyarta gudu take kamar za ta faso waje, har ta daina ganin fuskar Iya Lami.

Na tambaye ta me ya sa ba ta gaya wa likita ba. Ta ce a garinsu likita sai ya gaishe ka, ya tambayi mahaifiyarka, ya kalli fuskarka, sannan ka buɗe masa cikinka. Wanda bai ɗago ya dube ka ba, ba da gaske yake tambaya ba. Kuma ba a ce wa likita ba a gane ba, raini ne. Ta ce ta ɗauka amsar da na koya mata gaisuwa ce, in ta faɗa zai sake tambaya ta gaskiya. Yaya, ai ba ta yi kuskure ba. Mu ma da sauƙi muke cewa ko mutum yana gargara, mai son sani sai ya matso ya sake tambaya. Wannan ne ban koya mata ba, shi kuma bai sake tambaya ba.

Na ce to Inna fa? Sai ta fara hawaye. Ta ce matar da ke tashi da sassafe saboda ita, take ƙona itacenta, take kiran ta 'yata a ƙasar da ba ta da kowa, ta yaya za ta ture kwanon da ta miƙo mata? A wurinsu wanda ya ƙi abincin uwar miji, uwar mijin ya ƙi. Mahaifiyarta ta ja mata kunne kafin ta taho, kar a ce baƙuwa mai girman kai ce. Kuma uwa da juriya aka san ta, su ma haka suke cewa. Kai kuwa, ta ce kana tsakiyar injina a kan ruwa, in hankalinka ya rabu wani abu ya same ka, ba za ta yafe wa kanta ba. Ta kama hannuna ta ce in yi alkawari ba zan faɗa ba. Ban yi ba, kuka kawai na yi, ita ta ɗauka alkawari ne.

Da la'asar na yi ta maza. Inna tana tankaɗe, Iya Lami tana tsinke ganye. Na durƙusa na ce, Inna, ko za a ɗan rage zafin wankan, a bar kunun, mu koma asibiti? Muryata ko kaza ba za ta firgita ba.

Iya Lami ta saki ganyen ta riƙe haɓa. "Iko sai Allah! Yarinyar da ko lalle ba a sa mata ba ce za ta koya mana jego? A wane littafin soyayyar kika karanto?" Inna ba ta yi dariya ba, ranta ne ya ɓaci. Ta ce duk haihuwar da ta yi da wankan nan ta tashi, da shi ta yi goyonka, ga ta nan daram. Ta ce so nake a ce ta yi wa 'yar mutane rabin wanka don ba ita ta haife ta ba? Sai ta ɗaga murya ta labule ta ce, "'Yata, ya jikin?"

Daga ciki muka ji, a hankali, "Da sauƙi, Mama Inna."

Inna ta ce, "Kin ji ko? Tashi ki hura wuta."

Na tashi na hura, Yaya. Da hannuna.

Ka kira Inna, don girman Allah. Kai kaɗai take jin maganarka, kai kaɗai ne kake jin yaren su biyun.

Taka,
Safara'u


Gyaɗi-Gyaɗi
Ranar Litinin

Yaya,

Assalamu alaikum. Ka yafe min gajeriyar gaisuwa, ina fatan kana lafiya.

Leɓen Anti ya yi duhu. Yau ta kasa riƙe Mubarak ya sha, ni na tallabe mata shi. Maganin tarin ya ƙare bai yi komai ba. Inna ma na ga damuwa a fuskarta, amma abin da ta sani shi take ƙarawa, ta ce gobe a tafasa ruwan sosai sanyin ya fita gaba ɗaya.

Na samo lambar ofishinku na Legas a jikin kalandar da ka kawo. Na kira. Wani mutum ya ɗauka da Turanci, na yi ta in'ina, da ƙyar na haɗa sunanka da "matarsa ba lafiya". Ya ce zai aika saƙo jirgi. Ban sani ba ko ya gane ni.

Na buɗe littafi don in samu sauƙin zuciya, na kasa wuce shafi ɗaya. A can duk lokacin da yarinya ta faɗi, masoyinta yana shigowa. Na kalli ƙofar gidanmu har idona ya gaji.

Ina kake, Yaya? Ina tsoron gobe.

Safara'u


Babban asibiti, ɗakin mata
Ranar Laraba

Yaya Misbahu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka. Kafin komai: tana da rai. Ka karanta sauran a zaune.

Jiya da safe na ƙi hura wutar. Na dai zauna a gaban murhu da ashana a hannu. Iya Lami ta fizge ta hura da kanta tana mita. Da ruwa ya tafasa suka kamo Anti ita da Inna. A bakin ƙofar ɗaki Anti ta sulale ƙasa. Ta yi tari, sai ga kumfa mai ja-ja a bakinta. Inna ta saki salati, Iya Lami ta ce a kawo tafarnuwa.

Ban san lokacin da na fita ba. Ni da ko cinikin tumatir ba na iyawa, sai ga ni a tsakiyar titi ba takalmi, na buɗe hannuwa na tare adaidaita. Ya shigo har ƙofar gida. Inna ta rungume Anti a baya, ni na goya Mubarak, muka nufi babban asibiti.

A ƙofar ɗakin gaggawa mutane dam. Wata nas tana bin su ɗaya bayan ɗaya tana ware wanda za a shigar da wanda zai jira. Iskar hanya ta ɗan farfaɗo da Anti, har ta gyara hijabinta. Nas ɗin ta zo kanmu ta ce, "Sannu, ya jikin?" Na ga Anti ta tattara ɗan ƙarfin da ya rage mata, ta ɗago, ta yi murmushin nan. "Da sauƙi, alhamdulillah." Inna ma, don bakinta ya saba, ta ce, "Da sauƙi, sanyin jego ne." Nas ta nuna mana benci ta ce a je a yanko kati, ta juya za ta wuce.

Yaya, ban san muryar da ta fito daga bakina ba. Na ce, "Wallahi babu sauƙi! Ni na koya mata, ba ta san wata amsar ba!"

Maza, mata, masu gadi, kowa ya juyo. Inna ta ce, "Ke Safara'u!" Ban saurara ba. Na durƙusa a gaban jama'a na ɗage hijabin Anti, na zare safar, na danna ƙwaurinta, ramin ya zauna. Na faɗi komai. Barcin zaune, tarin, kumfar, wankan, kanwar, garwashin. Mubarak yana tsala kuka a bayana, hawaye yana shiga bakina, amma ban tsaya ba sai da na kai ƙarshe. Nan take nas ɗin ta ƙwala kira a kawo gadon turawa.

Bayan sun sa mata iska a hanci sun yi mata allurai, wata likita babbar mace ta zo. Abin da ta fara yi shi ne ta jawo kujera ta zauna, ta kama hannun Anti, ta tambayi sunan jaririn. Sai ta karɓi wayata suka dinga rubutu. In Anti ta gyaɗa kai, likitar sai ta girgiza nata, ta miƙa mata wayar ta ce ta rubuto abin da ta gane. Anti ta rubuta, ta rubuta, tana kuka, kamar an ɓalle bakin kwata.

Sun yi hoton zuciya. Likitar ta ce zuciyar ce ta yi rauni, ciwo ne da kan kama wasu mata bayan haihuwa, ruwa ya taru mata har a huhu. Ta kira Inna gefe, ina tsaye. Ba ta yi mata faɗa ba. Ta ce, "Hajiya, ba ke kika sa mata ba, yana kama har waɗanda ba su taɓa wankan ba. Amma kanwa tana riƙe ruwa a jiki, zafin kuma yana ƙara wa zuciyar kaya. Daga yau an gama." Inna ta juya ta fita. Ta zauna a ƙasa a barandar, ta miƙe ƙafa, tana kallon tafin hannunta.

Likitar ta ce kwanakin nan su ne abin ji. Na tambaye ta ko za ta tashi. Ta ce mu yi addu'a, su kuma suna iya ƙoƙarinsu. Ba ta ce min da sauƙi ba.

Ka taho, Yaya.

Ƙanwarka,
Safara'u


Babban asibiti
Ranar Asabar

Yayana na kaina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina maka fatan sauka lafiya. Da na ga alamomin sun zama biyu a kan takarduna duka, sai da na yi sujada a barandar asibiti. Na ga saƙonka cewa gobe kana Legas. Ka ce in daina ba ka haƙuri, to na daina, amma kai ma ka daina kuka a saƙon murya, Inna ta ji.

Kumburin ya fara sauka, zoben ya fita da sabulu, yana wurina. Har yanzu da iska a hancinta. Likita ta ce zuciyar tana iya dawowa daidai cikin watanni, tana iya kuma ƙin dawowa duka, akwai maganganun da sai ka zo za ta yi da ku biyu. Ba zan ɓoye maka ba, duk lokacin da Anti ta rufe ido sai na matsa in ga ƙirjinta yana motsi.

Inna ta yini biyu ba ta yi min magana ba. Na ɗauka fushi take don na ɗaga murya a gabanta cikin mutane. Shekaranjiya sai ta dawo daga gida da takalmina a leda, ta ajiye a gabana ta ce, "Sa, ƙafarki duk ta fashe." Shi ke nan abin da ta ce.

Mahaifiyar Anti ta kira ta bidiyo. Na kawo wayata zan yi fassara, Inna ta ture hannuna. Ita da matar suka kalli juna. Inna ta haɗa tafukanta biyu, matar ta dafa ƙirjinta tana girgiza kai tana nuna kanta, suka yi ta kuka. Ban fassara komai ba.

Tun daga nan Inna ta karɓe min aikin malanta. Tana zama a bakin gado tana nuna wa Anti ƙirji ta ce "ciwo", ta ja iska ta ce "numfashi", ta yamutsa fuska ta ce "babu sauƙi". Anti sai ta yi murmushi ta ƙi maimaita na ƙarshen, kunyar Inna take ji.

Yau da safe Inna ta shigo da filas, ta ce, "'Yata, ya jikin?" Anti ta kalle ni, ta kalli Inna. Sannan ta ɗora hannu a ƙirji ta ce, "Babu sauƙi, Mama Inna. Nan." Inna ta dire filas ɗin a ƙasa, ta fita da gudu da gwiwar nan tata tana kiran nas. Sun zo sun duba, sun canza mata magani. Yanzu haka barci take, kuma yau ne karo na farko da na ga bayanta ya kusa taɓa katifa.

In ka iso, na san ta, za ta gyara zama ta yi maka dariya, ta ce maka da sauƙi da yarenku. Kar ka karɓa. Akwai kujera a gefen gadon, na ajiye maka. Ka jawo ta ka zauna, ka sake tambaya.

Inna tana gaishe ka, Mubarak yana bayana yana barci. Allah Ya kawo ka lafiya.

Ƙanwarka mai jiran ka,
Safara'u